Na gano mai shanye batirin

Yaya Hauwa'u,

Na ga yadda ranki ya ɓaci jiya da laftof ta mutu kina bitar jawabin da za ki yi gaban malamanku yau. Ki yi haƙuri, ni na sa miki Linux ban duba ba. Katin girafik biyu gare ta, babban ne ba ya hutawa, shi ke shanye batirin. Bayan asuba na kashe shi, yanzu tana nuna awa huɗu.

Sai dai furojekta ba za ta kama da laftof ɗin ba, don ta wannan katin take bi. Na kwafa miki komai a filas don ki sa a kwamfutar makaranta, yana kan firij. Kar ki fita ba shi.

Na wuce Hotoro, ban so in tashe ki ba. Da kin fito ki kira ni, ko me suka ce.

Muhsin