Ramin da Na Haƙa Don In Ga Idonki

Wurma, daminar 1958

Zuwa ga Yahanasu, kurciyar Kurfi, 'yar dunƙulen zumata, ruwan sanyin da ake tararwa bayan an haƙa gaba goma! Ni ne Sodangi mai haƙar rijiya. Ki yi haƙuri da rubutun, wata huɗu kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci.

An gaya mini babanki, Malam Alu, ya ce ran Juma'a ki fitar da ɗaya, ko ni ko Ilu telan Dutsin-Ma. Tun da na ji, tuwo ya ƙi sauka, ga shi dama hanyarsa da nisa.

Na san ƙawayenki na zuga ki, wai ke da Ilu kanku ɗaya, ni kuwa in mun jera sai ka ce giginya da turmi. To, ni na yi kaina? Mata suna son dogo mai faɗin kafaɗa, na sani. Ni rabona duka a tsawo ya tafi, kafaɗar ban samu ba. Amma ni gajartar nan taki ce ta gama da ni! 'Yar tafiyar nan, taku uku a cikin nawa ɗaya, ƙugu ya cika zane, tulu a ka yana neman haɓata! Wace doguwa ce za ta yi wannan?

Kin tuna ranar da kika ce wuyanki na ciwo saboda ɗaga kai wajen zance? Ni kuwa abu ɗaya na iya a duniya. Na ɗauko dagina, na haƙa rami iya cinya a gindin tsamiyar ƙofar gidanku, na shiga na tsaya. Wayyo, Yahanasu! Shekara biyu ina zuwa, ban taɓa ganin komai ba sai ƙullin kallabinki. Ran nan na ga idanunki, farare tas kamar nonon safe. Ashe har wushirya gare ki, ba wanda ya gaya mini! Kika yi dariya har kika riƙe ciki, na duba idon nan da kyau, ban ga ƙi a ciki ba.

Ina na san washegari za a tafka ruwa ramin ya cika? Ina na san ta nan Malam zai bi zuwa sallar la'asar da sabuwar riga? Ni na tsamo shi da hannuna. Takalminsa ɗaya har yau ba a gani ba, sunan da ya kira ni kuwa ba ya rubutuwa. Na cike ramin, na daɓe.

Ki duba lamarin, haskena. Wa zai tsinko miki tsamiya ba sanda? Wa zai hango ki a tsakiyar kasuwa in kin ɓace? In kin auri Ilu, 'ya'yanku kaji za su riƙa ƙwace musu ƙosai. Namu kuwa, a haɗa nawa da naki a raba biyu, ai sai su fito daidai wa daida.

Wasa nake yi, amma wallahi tsoro nake ji. Ilu zai riƙa ganin fuskarki kullum a banza, ni sai da na haƙa ƙasa na gan ta sau ɗaya, kuma ban ƙoshi ba.

Ran Juma'a zan zo in durƙusa a zaure, ba zan miƙe ba sai kin yi magana. Malam zai ɗauka tuba nake yi. Ke kaɗai kika san idonki nake nema.

Naki ke kaɗai, har ranar da masu haƙar kabarina za su gaji da tsawona,
Sodangi