Inna, Shanun Alhaji Sun Riga Mu Shan Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahama, Inna, kin taɓa jin ɗan Adam yana kishin shanu? To ɗanki yana yi. Masu karantawa ku dara, ba komai.

Bayan rasuwarki wani Alhaji ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da taki a Lajawa, ya zuba shanun kiwo, ya haƙa musu burtsatse. Ruwa dare da rana, har wanka ake musu. Rijiyarki kuwa, tun daga nan guga laka yake fitowa da ita. Su inuwa da dusa, mu ƙuda da warin kashi. Ran Juma'a a loda su a tirela a Kara, kasuwar shanu, sai Kudu. Ko romonsu ba mu gani.

Ni da ban gama sakandare ba, a waya nake karatuna. Na karanta wai gyatsar shanu tana ƙara wa duniya zafi, wai kowa ya rage cin nama. Kowa? Mu rage me, don Allah?

Na tuna yadda kike yaga tsoka ɗaya da farce ki raba mana, ƙashin kuma ki ce, “Kowa ya tsotsa ya miƙa.” Ni kike fara miƙa wa, don kin san bakina ba ya shiru. Ke sai ki lashe yatsa ki ce kin ƙoshi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yaya Sani ya ce gonar da ba ruwa ba gona ba ce, zai sayar wa Alhaji. Har gawon da kike shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa. Shanu za su kwanta inda kike sallar la'asar, Inna. Wannan ne ya fi ci mini rai. Na ce ban yarda ba, amma ni kaɗai ne.

Allah Ya yi miki rahama, Ya shayar da ke ruwan da ba mai riga ki.

Shi kuma Alhaji, na san yaransa suna karantawa. Ya fito nan, gaban jama'a, ya amsa: wa ya ba shi ruwan da ke ƙarƙashin gonarki?

Ɗanki mai baki,
Habu