Yadda Hanifa Ta Karantar da Ubanka da Miyar Kuka

Gwadangaji,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗana Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da ruwan saman Fatakwal da aka ce ba ya hutu. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini gardama irin ta ubanka.

Maganar ƙanwarka Hanifa ce ta sa na ɗauki biro. Ka san ta zama malamar gona, an tura ta Augie ta fahimtar da manoma cewa yawan takin zamani yana ƙone shinkafa. Zaman farko ta je da allo da Turancin jami'a, rabin dattawan suka yi gyangyaɗi. Ubanka Labbo kuwa, da ke cikinsu, ya ce tun ba a haife ta ba yake zuba taki, shinkafarsa da ta bushe bara kuma kambun baka ne. Ta zo mini tana kuka, ta ce in ubanta bai saurare ta ba wa zai saurara, har ta rubuta takardar ajiye aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce mata gani ya kori ji, kuma ƙanena na san shi, ta ciki ake kama shi. Ranar zama na biyu muka yi tuwon shinkafa da miyar kuka tukunya biyu, ɗaya gishiri daidai, ɗaya muka juye mata shi kamar muna gaba da ita. Kowa ya ɗanɗana ta biyun ya yamutsa fuska ya ture, ban da ubanka. Ya gane tarkon, sai ya siɗe kwanon tas, har ya ce a ƙaro. Na ce shi ke nan, mun yi asarar kuka.

Ashe da sauran rina a kaba. Kafin la'asar ya sha ruwa moɗa bakwai, leɓe a bushe. Hanifa ta durƙusa ta miƙa masa ta takwas, ta ce haka saiwar shinkafa take ji: takin ma dangin gishiri ne, in ya yi yawa sai ya zuƙe ruwan jikinta, ga ta cikin fadama ga ƙishirwa, kuma ba ta da bakin roƙon moɗa. Dattawa suka yi ta dariya suna gyaɗa kai.

Shekaranjiya ya zo gaishe ni, ya yi mini doguwar lacca kan illar yawan taki, wai ya daɗe da lura. Da zai tafi ya rage murya, ya ce in tambayar masa Malama mudu nawa ake zubawa. Hanifa na bayan ƙofa tana ji. Da takardar ajiye aikin muka hura wutar shayi.

Ka gaida Sumayya da Ilham da maƙwabcinka Sadisu. In ka kira ubanka, ka tambaye shi ya ƙishirwa.

Taka har kullum,
Gwaggo Rauda.