Garin Taurarin da Ya Daina Haihuwa

Zuwa ga matata Ladi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da ke. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa?

Ladi, ji abin da ya faru jiya. Malam Yohanna, malamin jami'ar Bosso da ke haya a ɗakinmu na waje, ya kira ni da hantsi ya nuna mini hoto a kwamfutarsa. Wani farin abu ne kamar faifanki, da sanda a gicciye a tsakiya kamar an ɗora muciya. Na ɗauka tabo ne a gilashin. Ashe gari guda ne na taurari, ba su ƙirguwa, kuma irinsa birjik suke kewaye da shi. Hasken da na gani wai ya baro can tun babu ɗan Adam a ƙasa. Inna lillahi! Ni da na tsufa ina koyar da yara a firamare, ashe Zara da Kaza-da-'ya'yanta da nake nuna miki a tsakar gida ko bakin ƙofa ba su kai ba?

Ba wannan ne ya zaunar da ni ƙasa ba. Ya ce irin wannan gari ya daina haifar sababbin taurari. Tsofaffi ne kawai a ciki, ga maƙwabta ko'ina suna ta haihuwa. Amma haskensa ya iso har Minna.

Kin tuna yadda kike dawowa daga sunan maƙwabta ki shige madafa? Ina ganinki. Ban iya magana ba, sai in ƙara muryar rediyo. Me ya hana ni ce miki gidan nan bai taɓa yi mini duhu ba?

Ga labarin gida. Sani, ɗan ƙanena, zai zo Juma'a ya kwashe ni zuwa Paiko. Dangi sun ce gidan da ba magaji kango ne, a rufe shi. Da farko na yarda, har na ɗaure kaya, don ƙafafun sun ƙi.

Yau da safe na kwance su. Na mayar da faifanki kan ƙusarsa. Sani zai yi faɗa, ya yi. Gidan da kika haska ba zan bari a kira shi kango ina numfashi ba.

Sai na iso, Ladi. Allah Ya haskaka makwancinki.

Mijinki da bai iya magana ba,
Malam Audu