Murjanin Yaya ya kama gilashi

Filinge, Laraba da dare, azumi saura kwana tara

Yau sati uku da aka kwantar da Yaya Isufu asibiti a Yamai, ya bar mini akwatin kifinshi na ruwan gishiri da ya zo da shi daga Lome, har da murjanin teku a ciki. Kifin ba su ba ni wahala. Murjanin nan mai laushi, mai rai, shi ya hana ni sakat. Burin Yaya ya gan shi ya shimfiɗu a jikin gilashin kamar ciyawar damina. Sau uku ina manna shi da gam, sau uku yana sulluɓewa. Sau uku kuma ina ce ma Yaya a salula ya kama.

Kwana goma da suka wuce Kawu Bello ya biyo daga kasuwar Baleyara, ya iske ni ina zagin murjanin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗiyata, tunda mai rai ne, baƙuwar saniya ce. Ba a tilasta mata garke. Sako-sako ake ɗaure ta, ta saba da wurin don kanta."

Na yi dariya, amma na bi maganarshi. Na ɗaure shi da zare a gefen ɗan robar nan mai kama gilashi, ban ja ba.

Ɗazu bayan isha'i na kwance zaren. Bai faɗi ba, ya bazu daga robar ya kama gilashin. Ya buɗe, yana kaɗawa cikin ruwa.

Yaya ya bugo, muryarshi ta yi ƙasa ƙwarai. Na ce, "Ya kama."

Ya ce, "Yau kam gaskiya kika faɗa mini."