Abin da Na Faɗa a Gaban Mutum Ashirin da Uku

9 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga 'yata Lorene,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikata 'yar rigima. Yaya tarin nata? Mu nan lafiya, sai ƙafar nan tawa. An kusa gama tsinkar tuffa.

Sau uku ina kiranki a waya, da na ɗauko maganar sai ki ce, "Mama, ba zan iya ba," ki ajiye. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san sai da na haura hamsin na koye shi a ajin coci.

Lorene, an ce mini tambaya ɗaya za a yi mini a kotu: ƙarfe nawa na ji ƙarar, ranar da mota ta kashe tsoho Mista Dunphy a gaban akwatin wasiƙarsa ta gudu. Lauyan gwamnati ya tare ni a ƙofa yana fara'a. Ya ce ya san 'yata ce mai rubuta shaida a ɗakin, amma abokiyar aikinki tana jego, doka kuma ba ta yarda kowa ya zauna kujerar ba sai wanda aka naɗa aka rantsar. "Minti biyar ne, Misis Pruitt," in ji shi.

Na shiga, mutum ashirin da uku suka zuba mini ido, waɗanda za su ce a gurfanar da wani ko kada a gurfanar. Sai na hango ki a gefe da 'yar na'urarki mai ƙafa uku, cikin rigar da na rage miki hannu. Hankalina ya kwanta, na ji kamar a kicin ɗinmu nake. Abin da ya cuce ni ke nan. Da matar nan mai koriyar hula, ɗaya daga cikinsu, ta tambaya ko wata mota ta fita daga gidanmu da safiyar, sai bakina ya riga ni: "Ɗana Wendell ne kawai. Shi ma bai daɗe ba ya dawo, barewa ta fasa masa fitila."

Yatsunki suka ci gaba da buga na'urar. Matar ta ce a maimaita mata. Kika ɗago doguwar takardar nan kika karanta maganata ɗaya bayan ɗaya, ko kallona ba ki yi ba.

Ga roƙona. Wannan rubutun naki babu mai iya karanta shi a ɗakin sai ke. In kin zo juya shi zuwa na mutane, ki tsallake layin. Layi ɗaya ne tak. Ƙaninki ne, ke kika raine shi sa'ad da nake gona. Ban faɗa wa kowa abin da na ce ba, har shi.

Ki gai da gida.

Mahaifiyarki,
Ozella

29 ga Oktoba

Lorene,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta sau biyu da yatsa a kan layi, ina neman amsata. Tarin yarinya, tayar mota, maganin ƙafata. Shafi biyu, ko sunan ƙaninki babu.

To, bari in ba ki labarin da na san kin sani. Ranar Talata da hantsi 'yan sanda suka zo wurin da ake zuba tuffa a akwati, suka tafi da shi a gaban abokan aikinsa. Sun buɗe rumfar bayan gida sun ɗauke motar. An ce gilashin da aka tsinta a hanya na fitilarsa ne.

Jiya na je ganinsa a gidan yarin gari. Ya rame. Ya ce, "Mama, motar tana rufe. Mu uku muka ga fitilar nan: ni, da ke, da Lorene ranar Lahadin da ta zo. Ke dai na san ƙarar kawai aka tambaye ki. Wa ya rage? Wa ke shan kofi da lauyan gwamnati kullum?"

Na buɗe baki, Lorene. Allah ya sani na buɗe. Sai ya kama hannuna ya ce, "Ke kaɗai gare ni yanzu." Na mayar da bakina na rufe.

Innarki Verlie ta ji daga gare shi, yanzu duk coci sun ji wai ke kika tona shi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kuma har yanzu ina fushi da ke saboda layin nan, ko da yake Verlie ta ce ba a fushi da mutum a kira shi cin abinci. Ki zo cin abincin Bikin Godiya a ƙarshen Nuwamba. Ki zo da yarinyar.

Mahaifiyarki,
Ozella

1 ga Disamba

'Yata Lorene,

Bayan gaisuwa, ina fata kun isa gida lafiya, ƙanƙara ba ta tsare ku ba. Kin manta safar hannun yarinya, tana nan na adana.

Tun ranar Alhamis abinci ba ya wuce mini. Ina ta ganin ki a kan tebur, Verlie tana yanka talo-talo tana cewa, "Kowa ya kama bakinsa, ga alƙalamin gwamnati ta zauna. Kada ka ce miƙo gishiri gobe ka ji shi a kotu." Suka yi dariya. Mijinta ya ƙara da cewa, "Nawa ake biya kowane shafi, Lorene? Na ɗan'uwa ya fi tsada?" Ke kuwa kika ce, "Inna, dankalin nan ya yi daɗi." Sannan kika tashi kika tsaya kusa da ni muna wanke-wanke, ina wankewa kina gogewa. Sau ɗaya kika kalle ni. Ba ki roƙe ni komai ba.

Ranar Juma'a na je wurin lauyan Wendell. Ya ce tunda Wendell ya amsa laifi, shekara huɗu aka ba shi, ba za a yi shari'a ba, abin da aka faɗa a ɗakin nan kuma a rufe zai zauna. Na tambaye shi game da ke. Ya ce rantsuwar da kika yi ranar naɗinki ba ta ƙarewa: abin da kika ji a ɗakin ba za ki faɗa wa mijinki ba, ba za ki faɗa wa ƙaninki ba, ko don ki wanke kanki. Ya ce da kin tsallake layin, ke ma da kin tafi gidan yari, kuma mutum ashirin da uku sun riga sun ji da kunnensu. Ni wannan bai zo mini ba sam. Na ɗauka abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Na ce, to ni fa? Ya ce, "Ke shaida ce, Misis Pruitt. Maganarki taki ce, ki faɗa wa wanda kika ga dama."

Ashe duk duniya bakina ne kaɗai ba a ɗaure ba.

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Na sha ganin motar da ta buge barewa, gashi yakan maƙale a jiki. Wannan babu gashi. Ranar Wendell bai taɓa karin kumallo ba, ya yi ta wanke hannu. Na sani, Lorene. Matar Dunphy ce ta kawo mana miya lokacin rasuwar babanku. Ban san ko bakina ne ya suɓuce ba, ko zuciyata ce ta gaji.

Ki yafe mini wasiƙar farko. Ki ƙona ta.

Mahaifiyarki,
Ozella

19 ga Janairu, 1975

'Yata ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida. Ni lafiya, sai gajiyar hanya. Awa huɗu ne a bas zuwa inda suka mai da shi.

Na fara da Verlie tun makon jiya, a gaban mijinta, na gaya mata ni ce na faɗa. Ta zauna a kan kujera ta ce, "Ozella, kika bar mu muka ci naman yarinyar nan wata uku?" Na ce e. Za ta kira ki. In ba ki so, kada ki ɗauka.

Jiya na gaya wa Wendell. Na faɗa masa daidai yadda na faɗa a ɗakin, da barewar da komai. Da farko ya yi dariya, ya ce, "Mama, daina kare ta." Na ce, ba kare ta nake ba, ita ce take kare ni tun Oktoba. Sannan ya ce, "Kina nan zaune na riƙe hannunki ina zaginta." Na ce e. Ya ce, "Kuma ita ta rubuta?" Na ce aikinta ne, har karantawa aka sa ta yi.

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini. Ya miƙe ya yi wa mai gadi alama, saura minti ashirin a lokacinmu. Burodin masarar da na yi masa yana nan a jakata na dawo da shi.

A ƙofar fita ma'aikaciya ta kira ni. Ta ce fursuna ne ke zaɓar masu ziyartarsa, kuma yanzun nan ya ce a cire sunana. Ta juyo mini takardar don in gani da idona. An ja layi a kan Ozella Pruitt. A ƙasa, da rubutun nan nasa mai karkata, ya sa naki.

Asabar ake ziyara, daga tara zuwa biyu. Ki sa takalmi mai kauri, ana daɗewa a layi a waje. Ba a shiga da abinci. In kin dawo, ki rubuto mini ko ya ƙara ramewa. Wannan kam ba ki yi rantsuwa a kansa ba.

Mahaifiyarku,
Ozella