Jawabin Tahidu Ya Fito Ta Bakina

Assalamu alaikum Hajiya Salimatu,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Abin da ke damuna ban san sunan da zan ba shi ba. Duk wanda na fara gaya wa, sai na ga ya ɗan ja da baya kafin ya ba ni amsa.

Ni ɗaliba ce a wata babbar makaranta a nan Tamale, ina shekarar ƙarshe a fannin noma da kiwo. A unguwar Sabonjida nake zaune tare da Mma, mahaifiyata. Muna da wani malami, Dakta Abdul-Hafiz, wanda ba ya son tsayawa gaban allo yana zuba muna kwafa. Hanyarsa ita ce abin da ake kira simfoziyam. Sai ya ɗauki batu guda ya yanka shi gida-gida, ya raba wa ɗalibai huɗu. Ranar gabatarwa a jera musu kujeru bayan tebur suna fuskantar aji, kowa ya yi jawabinsa ba mai katse shi, sannan 'yan aji su yi tambayoyi, shi kuma ya shugabanci zaman ya ƙulle a ƙarshe. Kullum yana gaya mana cewa ba wanda ke riƙe da batun shi kaɗai, sai bakunan nan huɗu sun haɗu yake cika. Ni mai kunya ce, ko a gida ba a cika jin muryata ba, amma na so hanyar nan, domin abin da na tsaya na faɗa da bakina ba na mantawa.

Batunmu shi ne cinikin nono a kewayen Tamale. Ni aka ba tsaftar nono, Kausara aka ba kasuwa, Imoru aka ba maganar filin kiwo. Na huɗunmu Tahidu ne, Bafulatani, iyayensa suna da shanu a bayan gari, shi aka ba ya faɗi yadda makiyayan kansu suke ganin abin. Mukan haɗu a gindin darbejiya bayan laburare muna gwaji. Kowa zai karanto nasa, ban da Tahidu. Bai rubuta komai ba, ya ce nasa yana kansa, sai ranar za mu ji. Yana da wata ɗabi'a, in zai yi magana sai ya ƙwanƙwasa benci da bayan yatsunsa, ya ce to kun gani. Har tsokanarsa muke yi da ita.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi zaman, yana dawowa daga rugarsu a kan mashin, tifa ta buge shi. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Mun je ta'aziyya, na zauna cikin mata, ban leƙa ko'ina ba, shanun ma suna daji. Dakta ya ce ko a ɗaga zaman ko a ba wani ɓangarensa. Mu muka ce a'a, a bar kujerarsa ba kowa, in layi ya zo kansa a yi shiru a yi masa addu'a.

Hajiya, da rana tsaka abin ya faru, bayan azahar, ɗaki cike da mutane, tagogi a buɗe. Na yi nawa jawabin lafiya, kan tafasa nono da wanke ƙwarya. Kujerar Tahidu tana hagu da ni. Dakta ya ce a yi shiru. Ina tuna an ɗauke wuta a daidai lokacin, fankoki suka rage gudu har suka tsaya. Sai na ji ƙamshin nono mai ɗumi, wanda aka tatso yanzu, da hayaƙin ruga. Hannuna na hagu ya yi sanyi kamar na tsoma shi a randa. Daga nan ban san komai ba. Abin da na sani kawai ana tafi, wasu mata suna kuka, ni kuma maƙogwarona ya bushe kamar na wuni da azumi.

Kausara ce ta nuna mini bidiyon da wani ya ɗauka a waya. Ga ni nan, na jawo takardar sunansa da ke kan tebur zuwa gabana, na ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsuna, na ce to kun gani. Muryata ce, amma tafiyar maganar ba tawa ba ce. Na yi bayanin yadda burtalin da suke bi aka yanka shi fuloti aka zuba bulo, da yadda matansu ke shigowa gari da ƙwarya a ka nono ya yi tsami kafin su iso. Na jefa Fillanci a ciki, ni da ban da gaisuwa ba abin da na iya. Na ce saniyarmu Wule ta haihu da safen nan, mace, mai farin goshi. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne lokacin tambayoyi. Duk tambayar da aka yi, sai in karkata kaina wajen kujerar nan, in yi jim kamar ana raɗa mini, sannan in amsa.

Dakta ya ɗauka shirya abin muka yi don girmama marigayin. Ya yaba sosai, ya ce tun da yake koyarwa bai ga zaman da ya cika kamar wannan ba. Yanzu yana so mu maimaita a babban zauren makaranta, gaban baƙi da shugabannin makiyaya. Na kasa gaya masa gaskiya.

Bidiyon kuma ya yawata har ya kai rugarsu. Ranar Juma'ar da ta wuce mahaifiyarsa, Inna Adijatu, ta yi tambaya har ta gano gidanmu, ta zo da ƙwaryar nono da wagashi, cukun nan na Fulani. Ta riƙe hannayena biyu, ba idona take kallo ba, bakina take kallo. Ta ce gaskiya ne Wule ta haihu da safen ranar, mace ce, mai farin goshi, kuma ba wanda ya shigo gari daga wajensu ran nan. Ta roƙe ni in za a sake zaman in aika mata, tana so ta zo ta ji ɗanta. Da za ta tafi ta kira ni da sunansa, sannan ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Tun daga nan gidanmu ba lafiya. Mma ta zubar da nonon a bayan gida, ta ce in bar makarantar nan, za ta kai ni wajen wani malami a unguwar Kanvili. Imoru yana gaya wa mutane wasan kwaikwayo na yi da mamaci don in ci maki. Kausara kuwa ta daina zama kusa da ni. A aji yanzu kujerar da ke hagu da ni ba mai zama, kuma jiya na kama kaina ina ɗauke jakata daga kanta kamar mai ba wani wuri.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina jin tsoro, amma wani ɓangare na zuciyata yana so in sake. Ba a taɓa sauraro na kamar yadda aka saurari wadda ke cikin bidiyon nan ba. Kuma in na ƙi, me zan ce wa tsohuwar nan? Hajiya, in hau teburin ko kada in hau? In bar karatun? Haukacewa nake yi?

'Yarki a Sabonjida

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya jiƙan Tahidu, ya ba mahaifiyarsa da ku haƙuri. Ba haukacewa kike yi ba. Wadda ta zauna ta jera labarinta haka hankalinta yana jikinta. Kuma ba za ki bar karatu a shekarar ƙarshe ba, wannan mu ajiye shi gefe tun yanzu.

Ni na koyar shekaru kafin in zauna a gida, kuma na san abin da irin wannan koyarwa take yi wa ɗalibi. Kun yi makonni kuna zama da yaron nan. Ko bai karanto jawabinsa ba, ya yi muku hira, ya yi ƙorafin burtali, ya amsa waya da Fillanci a gabanki, wataƙila ya taɓa cewa saniyarsu ta kusa haihuwa. Kunne yana ajiye abin da mai shi bai san ya ajiye ba. An koya muku cewa batu ba ya cika sai kowa ya faɗi nasa, sai ga giɓi a gefenki, ga baƙin ciki, ga zafi, ga idon jama'a. Mutum yana iya fita hayyacinsa a irin wannan hali ya yi abin da ba zai tuna ba, likitoci sun san da shi. Amma maganar farin goshin maraƙar nan, ba ni da amsarta, kuma ba zan ƙirƙiro miki ba. Abin da na tabbata shi ne wanda aka binne ya tafi ga Ubangijinsa, ba ya dawowa ya ari bakin kowa. Ko mene ne ya faru a ɗakin nan, ba abin da za ki buɗe wa ƙofa karo na biyu ba ne.

Don haka ki bi Mma wajen malamin, in dai Alƙur'ani da addu'a yake yi a fili, ba mai kulle ɗaki da turare ba. Ki riƙe azkar safe da yamma. A makon nan kuma ki ga likita ki nuna masa bidiyon, domin ɗaukewar hankali irin wannan tana iya zama ciwo mai magani. Ɗayan ba ya hana ɗayan.

Ki sami Dakta a ofishinsa ki gaya masa gaskiya, ki tafi da Kausara, ita ta ga fuskarki ran nan. Ina zaton tsoro ne ya nisanta ta, ba ƙiyayya ba. Malamin kirki ba zai sa ki maimaita abin da ba ki san kin yi ba. Ki hau teburin, amma ki faɗi naki kawai. Kujera ta huɗu kada a sake barinta ba kowa. A gayyato makiyayi mai rai, ɗan'uwan marigayin ko wata daga cikin masu kawo nonon, ya faɗi nasu da bakinsa. Hakan ya fi kusa da abin da Tahidu ya so a ji. Imoru kuwa ki bar shi, shi ma aboki ya rasa.

Inna Adijatu ita ce mai wuyar. Kada ki aika, ki je da kanki tare da Mma, da rana, ki gaya mata a hankali cewa ɗanta ba ya cikinki. Za ta yi kuka. Ki zauna har ta gama, sannan ki ba ta labarin yadda yake a aji, abin da ba ta taɓa gani ba. Wannan kina da shi, kuma halal ne ki ba ta.

Maganar son a saurare ki ba abin kunya ba ce. Amma kin manta kin yi naki jawabin ran nan, a farke, gaban aji cike, ke da ko a gida ba a jin muryarki. Wannan ita ce muryar da za ki yi renonta har ta girma.

Allah ya tsare ki gaba da baya, ya ba ki barci mai daɗi, ya sa ki gama karatunki lafiya Mma tana kallo.

Hajiya Salimatu